Shekarar da Tafki Ya Yi Kore

Shekarar da tafki ya yi kore, babu waɗanda suka sha zagi a garin kamar ma'aikatan gidan ruwa, a cikinsu kuma babu wanda ya kai Auta, don ita kowa ya san gidansu. Injiniya, shugaban ma'aikatar, mota yake shiga ya ɗaga gilashi ya wuce abinsa. Ita kuwa da ƙafa take ratsa kasuwa safe da yamma, farar rigar aiki a ninke cikin jaka, kwandon kwalabe a hannu. Kwalaben nan ne suka ja mata laƙabin Mai Kwalba.

"Mai Kwalba!" mai shayi zai ƙwala mata kira. "Yau ma miyar ganye kuka turo mana ta famfo? Ai da kun haɗo da gishiri mun huta."

Sai ta yi dariyar yaƙe ta wuce. Gaskiya ya faɗa. Ruwan famfo warin ruɓaɓɓiyar ciyawa yake yi. Tankunan yashi da ake tace ruwa a ciki, waɗanda da sukan daɗe ba a wanke su ba, yanzu kafin a juya sun toshe da wani kore mai yauƙi. Tafkin kansa, wanda gari ke sha, masunta kuma ke ci daga cikinsa, ya koma kamar an zuba masa fenti.

A bakin tafkin nan aka haifi Auta. 'Yar masunta ce gaba da baya, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, ita kaɗai ce kuma ta yi nisa a karatu. Halittun ruwa ta karanta, ta dawo gida aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwaji, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan tankuna, inda ƙarar injin turo ruwa ke sa kwalabe rawa a kan kanta. Babban abin da take taƙama da shi a ɗakin shi ne madubin ƙara girma, wanda in ka ɗiga ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa sai ka ga gari guda yana hada-hada.

Duk mako takan shiga kwalekwale ta je tsakiyar tafki da kayan aiki guda biyu. Na farko farin faranti ne ɗaure da igiya, takan sake shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, da haka take sanin hasken ruwan. Na biyu 'yar raga ce mai laushi, mai siffar safa, da kwalba a gindinta. Mijinta, wanda tela ne, shi ya ɗinka mata da yadin labule, yana ɗinki yana mitar cewa tun da yake bai taɓa ɗinka wa ruwa safa ba. Da ragar nan take kamo 'yan mitsi-mitsin dabbobin da ke yawo a cikin ruwa, waɗanda a makaranta ake kira zuplankton. Ita dai ƙumar ruwa take ce musu, saboda yadda suke tsalle-tsalle.

Shekarun baya, in ta ɗaga kwalbar ta kalli rana, sai ta ga ɗigo-ɗigo suna zillo kamar an watsa garin barkono mai rai. Bana kuwa ta ja raga a gabas, ta ja a yamma, ta ja kusa da madatsa, kwalba ta fito da kore zalla. Ta zauna a gaban madubi har wuyanta ya sage, da kyar ta ga ƙuma ɗaya tal, ita ma a rame. Faranti kuma ko tsawon hannunta ba ya kaiwa yake ɓacewa.

"Ruwa ba ya tsami banza," ta faɗa wa kanta. Ta ɗauko 'yan kifayen nan masu ƙyalli da masunta ke kira 'yan allura, waɗanda suka cika tafkin har ana zubar da su a bakin ruwa, ta farke cikinsu ta sa a madubi. Nan ta ga inda ƙumarta ta tafi: ƙafafu, ɓawo, idanu, cunkus a cikin 'yan allura.

Ranar da ta je ofishin Injiniya ta same shi da waya a kowane kunne, yana ba manya haƙuri. Da ya ajiye, ya share gumi ya ce, "Malama, na gaji. Na sa a kawo shuɗin maganin nan mai kashe gansakuka. Mu watsa a tafki kowa ya huta."

"Yallaɓai, zai kashe ta, babu shakka," in ji Auta. "Amma in ta mutu gaba ɗaya za ta ruɓe ta shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya bi ta. Maganin kuma ba ya tantance abokin gaba da masoyi, 'yar ƙumar da ta rage ma zai share ta. Bayan 'yan makonni kore ya dawo ya tarar babu mai taɓa shi."

"To ke mene ne naki maganin?"

Ta ja kujera ta zauna. "Koren nan 'yan ƙananan tsirrai ne. Ƙumar ruwa ita ce akuyar da ke kiwonsu. 'Yan allura su ke cin ƙuma. Tsage da giwan ruwa su ke cin 'yan allura. An kame manyan kifin, 'yan allura suka samu sake suka hayayyafa, suka cinye awakin, ciyawa ta rufe gona. Ga kuma takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yana ƙara mata ƙarfi."

Injiniya mutum ne mai saurin fushi amma ba ya ƙin gaskiya. "Wato so kike in ce wa manya maganin matsalar gari yana hannun abin da ido ba ya gani?"

"Yana hannun masunta, Yallaɓai. Su bar manyan kifi su huta, su koma kan 'yan allura."

Ya yi wata 'yar dariya. "Shugaban masunta ba yayanki ba ne? Je ki shawo kansa. Maganin zai ɗauki lokaci kafin ya iso. In ya iso ruwa yana nan yadda yake, ba zan saurari kowa ba."

Yaya shi ne babba a ɗakinsu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma mutum ne da in ya ce a'a, ko bango ya fi shi sauƙin turawa. Ta same shi da yamma a tsakar gida, ya ɗaura komarsa ta kamun kifi a jikin bishiya yana gyaran ido, babban yatsan ƙafarsa riƙe da zare. Matarsa, wadda duk bakin ruwa ke kira Mai Banda saboda sana'arta ta busar da kifi a hayaƙi, tana gefe tana fasa itace.

"Matarmu, sannu da aiki," in ji Auta.

"Sannu 'yar boko. Kin zo ki shayar da mu koren ruwan naku ne?"

Bayan an gaisa Auta ta gyara zama ta zayyana wa Yaya komai, daga tsirrai har giwan ruwa. Bai ɗaga kai ba har ta gama.

"Auta," ya ce, "ni na koya miki riƙe filafilin tuƙa kwalekwale. Yau ke za ki koya mini abin da ke cikin tafki? Wai ƙuma! Mu da muke kwana mu tashi a ruwa ba mu taɓa ganin ta ba, sai ke da ke zaune a ƙarƙashin fanka. In je in ce wa magidanta su saki babban kifi su kama abin da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta ci? Su ci me, su ba iyali me?"

"Yaya, yaushe rabonka da ka kama tsage mai tsawon hannunka?"

Allurar saƙar ta tsaya a hannunsa. Mai Banda ce ta amsa daga inda take. "Bari in faɗa miki, tunda shi kunya yake ji. Tun kafin in yaye ƙaramar 'yarmu. Murhuna biyu sun yi sanyi, gizo-gizo ya yi gida a ciki."

"Wa ya sa da ke?" in ji Yaya.

"Cikina ne ya sa da ni."

Auta ta ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai ta sa ƙafa. "Ban ce ka yarda da maganata ba, Yaya. Gani ya kori ji. Ka ba ni wuri a bakin ruwa in ajiye ganga uku, inda kowa zai gani. In abin da na faɗa bai faru ba, ba zan ƙara buɗe baki ba."

"Ajiye goma ma," ya ce, ya ci gaba da saƙa.

Washegari aka jera gangunan roba uku kusa da murhun Mai Banda, aka cika su da koren ruwan tafki a gaban jama'a. Ta farko Auta ba ta sa mata komai ba. Ta biyu ta juye mata kwalba guda ta ƙumar ruwa, wadda ta kamo a wani kududdufi da ke bayan makaranta inda babu kifi. Ta uku ta juye mata ƙuma daidai da ta biyu, sannan ta saki 'yan allura cikin tafin hannu. Ta rufe kowace da yadin labule, ta ce Mai Banda ce mai gadi.

"Duk wanda ya taɓa gangar nan," in ji Mai Banda tana nuni da itacen wuta, "shi zan banda."

Masunta suka samu abin nishaɗi. Kullum in sun dawo daga ruwa sai sun biya sun leƙa. Wani dogo mai suna Zangarniya, wanda bakinsa ba ya shiru, yakan durƙusa a gaban ganga ta biyu ya ce, "Ina kwana awakin Mai Kwalba? An tashi lafiya? Yaya kiwo?" Sai a fashe da dariya. Kwanakin farko babu abin da ya canza, Auta ta riƙa zuwa da sassafe tana dubawa. Sai wata safiya ta tarar da mutane sun yi cincirindo, babu mai dariya. Ta kutsa ta leƙa. Ganga ta farko kore shar. Ta uku ma kore shar, 'yan allura na ta iyo da ƙoshinsu. Ta biyu kuwa, ana ganin gindinta, har da wani ɗan dutse da ya faɗa ciki.

"An canza ruwan ne," in ji wani daga baya.

"Wa ya canza?" Mai Banda ta juyo. "Fito ka faɗa a gabana."

Ba wanda ya fito. Auta ta riga ta zo da madubinta a naɗe cikin tawul. Ta ɗora shi a kan kifaffen kwalekwale, ta juya shi ya samu hasken rana, ta ɗebo ɗigo ɗaya daga ganga ta biyu. "Yaya, zo ka gaisa da su."

Ya zo yana jan ƙafa, ya runtse ido ɗaya, ya sunkuya. Sai ya zabura ya ja da baya. "Kai! Mene ne wannan mai ƙaho?"

"Ba ƙaho ba ne, hannuwan iyo ne. Sake dubawa."

Ya sake sunkuyawa, wannan karon ya daɗe. Jikin dabbar garai yake kamar gilashi, ana ganin komai na cikinta. "Akwai wani abu yana bugawa a bayanta," ya ce a hankali.

"Zuciyarta ce."

"Zuciya gare ta? Ikon Allah! Wannan koren layin fa?"

"Hanjinta ne, cike da abin da ya hana mu shan ruwa. Waɗancan ƙwallayen kuma 'ya'yanta ne take goye da su. In babu mai cin ta, kafin ka farga ɗaya ta zama ɗari. Kuma Yaya, ba 'yan allura kaɗai ke cin ta ba. Duk kifin da ka taɓa kamawa, har giwan ruwan da ya fi ka nauyi, ranar da ya fito daga ƙwai bakinsa bai kai ya ci komai ba sai ita. In babu ita, 'ya'yan manyan kifi da yunwa suke mutuwa tun ba su kai ƙwayar shinkafa ba."

Yaya ya miƙe tsaye, ya kalli tafki, ya kalli ganga. Sannan ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku yi layi. Kowa sai ya gani da idonsa." Aka yi layi har bakin hanya. Zangarniya da ya leƙa sai ya cire hularsa ya ce, "Ku yafe mini, ban san ku manya ne ba."

Taron da aka yi a rumfar masunta bai zo da sauƙi ba. An yi hayaniya, wasu sun tashi sun fita sun dawo. Tambayar dai ita ce wadda Yaya ya yi tun farko: a ci me? Mai Banda ce ta warware ta. Ta ce ita da matan bakin ruwa za su shanya 'yan allura a rana, ta riga ta yi magana da masu kiwon kaji na bayan gari, sun ce ko nawa aka samu suna so, don babu abincin da ke sa kaza ƙwai kamarsa. Daga ƙarshe aka tsayar: babban kifi ya huta har bayan damina, duk wanda ya faɗa raga a mayar da shi, kowa ya koma kan 'yan allura. Manoman bakin tafki kuma aka roƙe su su bar ciyawar gaɓa ta tsaya, ta riƙa tare takin da ruwa ke wankowa.

Aiki ya kankama. Shagon Tela ya koma masaƙar taru, keken ɗinkinsa na kuka daga safe har yamma yana haɗa raga mai ƙananan ido, masu kayan ɗinki na zuwa suna komawa. "Na auri 'yar masunta," yakan ce, "ga shi na zama masunci ban taɓa jiƙa ƙafa ba." Kwalekwale suka riƙa fita a jere, su kewaye garken 'yan allura su jawo su gaɓa, taru na walƙiya kamar an zuba azurfa. Bakin ruwa ya cika da tabarmin shanya. Injiniya ya nemo 'ya'yan tsage daga wata gonar kifi, aka sake su a cikin ciyayin gaɓa.

Amma tafki ba ganga ba ne. Makonni suka wuce, ruwa na nan kore. Faranti na ɓacewa inda ya saba ɓacewa. Mai shayi ya daina yi wa Auta ba'a, ya koma kawar da kai, wanda ya fi ba'ar ciwo. Sannan aka yi wasu kwanaki na zafi, babu iska ko kaɗan, aka wayi gari kifi ya mutu a wani lungu na tafkin, wari ya kai har kasuwa. A ranar ce kuma motar maganin ta iso.

Auta na tsakiyar ruwa lokacin da ta hango buhuna ana sauke su a kan madatsa. Yaya ne ke tuƙa ta ran nan. "Shi ke nan," ta ce. "An gama."

"Ja ragarki tukuna," in ji Yaya. "Ba a nan kika ce za ki ja ba?"

Ta saki ragar ba tare da wani fata ba, ya tuƙa a hankali, ta jawo. Da ta kwance kwalbar ta ɗaga ta ga rana, sai ta ƙwala ihun da ya sa tsuntsaye tashi. Ruwan kwalbar kore ne har yanzu, amma a cikinsa ɗigo-ɗigo ne ke zillo, ba ɗaya ba, ba goma ba, ba su ƙirguwa.

"Yaya, tuƙa! Tuƙa!"

Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba tun yana saurayi. Masuntan da ke kusa suka ga shugabansu na tsaga ruwa, suka bi shi ba tare da sun san dalili ba. Kafin a kai madatsa kwalekwale sun yi dafifi a bayansu. Auta ta haye matakala da gudu, zaninta a jiƙe, ta miƙa wa Injiniya kwalba tana haki.

"Yallaɓai, duba. Ba sai da madubi ba."

Ya ɗaga kwalbar, ya cire tabarau, ya mayar. "Su ne?"

"Su ne. Sun dawo. In aka watsa maganin nan yau, su za a fara kashewa."

"Malama, kin san wayar da na amsa tun safe? Kifi na mutuwa, gari na wari."

"Zafi ne da rashin iska, kuma a lungu ɗaya ne. Yallaɓai, mun kusa. Tuwon ya kusa nuna, kada a kashe wutar."

Yaya ya hau matakalar shi ma, ya tsaya a gefenta. "Injiniya, ni ne na fi kowa ƙin maganar yarinyar nan. Mun bar abincinmu a ruwa saboda ita, ba mu yi nadama ba. Ka ƙara mana haƙuri. In manya sun tambaya, ka ce masunta ne suka roƙa, mu je tare mu amsa."

Injiniya ya dubi kwalekwalen da suka cika gindin madatsa, ya sake duban kwalbar. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya bar ta tana yi. "Ku mayar da buhunan sito," ya ce wa leburori. Sannan ya juya ga Auta. "Wannan kwalbar ni zan riƙe. Da ita zan je wurin manya, in za a kore ni a kore mu tare da ita."

Ba a kore shi ba. Iska ta dawo, aka yi ruwan sama na farko, kuma daga nan abin ya zo da saurin da ya ba ita kanta Auta mamaki. Mako guda faranti ya wuce tsawon hannu. Mako na gaba ya kai tsawon filafili. Koren ya riƙa dusashewa kamar tsohon zane, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya koma garai. Ma'aikatan tankunan yashi suka samu kansu zaune suna hira babu abin wankewa. Ranar da igiyar farantin ta ƙare a hannunta alhali tana ganin farinsa a can ƙasa, Auta ta zauna a cikin kwalekwale ta yi kuka, ta yi dariya, ta ɗebi ruwan da tafin hannu ta wanke fuska.

Da yamma ta ratsa kasuwa. Mai shayi ya fito daga bayan teburinsa da kofin gilashi cike da ruwan famfo, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya kafa kai ya shanye. "Jama'a," ya ce, "ku buɗe wa Mai Kwalba hanya!" Mata masu kayan miya suka ɗauki guɗa, mahauta suka riƙa buga wuƙa a kan teburi. Ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta wuce tana rufe baki da gefen mayafi.

Bayan damina aka buɗe kamun manyan kifi, amma da sabuwar doka da masunta suka kafa wa kansu: raga mai faɗin ido kawai, kuma lungunan da kifi ke ƙwai babu mai shiga. A cikin ciyayin gaɓa 'ya'yan kifi sun yi baƙi ƙirin, abin da tsofaffi suka ce sun manta rabon da su gani.

Labari ya yi nisa. Wata safiya Injiniya ya kira ta ofis, ta tarar da baƙi biyu daga wani gari mai nisan tafiyar yini, tafkinsu ya yi kore, sun zo a ba su aron mai ƙuma. Ta amsa, ta koma gida ta haɗa kaya. Ranar tafiya ta fito da madubinta a naɗe, sai ta tarar da Yaya zaune a gaban motar ma'aikata, sanye da rigarsa mai kyau, da ƙullin kaya a cinya.

"Yaya, ina zuwa?"

"Inda za ki. Ke ki yi wa injiniyoyinsu bayani, ni ki bar ni da masuntansu. Na san irin taurin kanmu, ba ya jin maganar mai farar riga."

"To ai kujerata ce ka zauna a kai."

"Ni ne babba," ya ce, ya ja ƙofa ya rufe. "Shiga baya ki riƙe mana awakin kada su zube."

Ta shiga baya tana dariya, ta rungume kwandon kwalabe, direba ya tayar da mota.